Darasi na 9: Ƙwayar Gadon ASPM da Girman Ƙwaƙwalwa

Idan aka haifi jariri a asibiti, bayan an ɗora shi a kan sikeli, ungozoma takan ɗauko tef ta zagaya kansa, daga saman gira zuwa tudun ƙeya. Yawancin iyaye nauyin kawai suke tambaya, awon kai bai dame su ba. Alhali shi ne hanya mafi arha ta sanin yadda ƙwaƙwalwa ta girma a cikin ciki. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, shi ya sa kuke ganin maɗiga tana bugawa, kuma ƙwaƙwalwar da ke ciki ce take tura su suna buɗewa. In ta girma kai ya girma, in ta tsaya shi ma ya tsaya.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, kewayen kan jaririn da ya cika watanninsa yakan kai santimita 34 zuwa 35, ya kuma kai 45 ko 46 idan ya shekara. In aka auna aka ga bai kai 32 ba, za a sake aunawa a sa masa ido. Idan ƙanƙantar ta tabbata, likitoci suna kiran wannan hali maikurosefali. A wannan darasi za mu riƙa cewa ƙanƙancewar kai.

Abubuwan da ke jawo shi suna da yawa. Akwai cututtukan da kan kama mai juna biyu su tsallaka zuwa ɗan tayi, irin su ƙyandar Jamus. Akwai Zika, wadda sauro ke yaɗawa, wadda ta girgiza arewa maso gabashin Burazil a 2015 har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta ranar 1 ga Fabrairu 2016. Shan barasa da ciki, matsananciyar yunwa, da doguwar naƙuda da ke hana ƙwaƙwalwar jariri iska, duk suna iya kawo shi. Waɗannan daga waje suke zuwa. Namu darasin yana kan wanda ke zuwa ta hanyar gado: uwa lafiya lau, uba lafiya lau, ciki ya tafi daidai, haihuwa ta zo da sauƙi, amma ga yaro da ƙaramin kai.

Tunatarwa a taƙaice

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta. A cikin kusan kowace akwai kuromosom 46, biyu-biyu sau 23, rabi daga uwa rabi daga uba. A jikinsu DNA take naɗe, kuma ƙwayar gado wani yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin. Muna da irin waɗannan kusan 20,000, kuma tunda kuromosom biyu-biyu suke, yawancinsu kwafi biyu muke da su. Ƙwayar gadon da wannan darasi yake kanta, ASPM, tana kan kuromosom na 1, a wurin da masana suka yi wa lamba 1q31. Furotin ɗin da take ƙerawa ƙato ne, yana da tubalan gini da ake kira amino asid har 3,477 a jere, alhali yawancin furotin na jiki 'yan ɗaruruwa ne kawai.

Daga Gujrat zuwa Bradford

A garin Gujrat na lardin Punjab a Pakistan akwai hubbaren wani waliyyi na ƙarni na 17 mai suna Shah Daula. Tun da daɗewa akan ga mutane masu ƙananan kawuna da goshi mai zamewa baya suna zaune a wajen hubbaren, har jama'a suka laƙaba musu mummunan suna, wai ɓerayen Shah Daula. Wasu na cewa matan da suka je neman haihuwa ne suke alkawarin barin ɗan fari a wurin. Wasu na cewa masu yawon bara da su ne ke sa wa jarirai hular ƙarfe don kai ya ƙi girma. Yawon bara da su kam an yi. Hular ƙarfe kuwa likitoci ba su sami hujjarta ba, kuma a hankalce ma matse ƙoƙon kai sai dai ya lanƙwasa shi ko ya kashe yaron, ba zai samar da ƙaramar ƙwaƙwalwa mai cikakken tsari ba. Mu ma a nan ba mu rasa namu bayanin ba. Sai ku ji an ce ɗan ruwa ne, ko an yi musanya, ko uwar ce ta fita da almuru tana da ciki.

Amsar ta fito ne daga arewacin Ingila. Birnin Bradford yana da ɗimbin mutanen da asalinsu daga yankin Mirpur da arewacin Pakistan suke, kuma suna riƙe da al'adar auren zumunci. Likitocin yankin suka lura ana samun yara masu ƙanƙancewar kai a cikin waɗannan iyalai fiye da yadda aka saba, wani lokaci biyu ko uku a gida ɗaya. Wani likitan gado a Leeds, Geoffrey Woods, da abokan aikinsa a Ingila da Pakistan suka shiga tattara jinin iyalan da suka yarda.

Dabarar da suka bi tana da kyau a fahimce ta. Idan iyayen yaro kakansu ɗaya, kuma ciwon daga wannan kakan ya gangaro ta ɓangarori biyu, to dole a sami wani yanki na DNA ɗin yaron inda kwafin uwa da kwafin uba suka zama iri ɗaya sak. Sai aka riƙa neman yankin da ya zama haka a duk yaran da abin ya shafa, amma bai zama haka a 'yan uwansu masu lafiya ba. A shekarar 2000 bincike ya nuna kuromosom na 1. A 2002 Jacquelyn Bond da Woods, tare da Christopher Walsh na Jami'ar Harvard a Amurka, suka bayyana ƙwayar gadon kanta a mujallar Nature Genetics. A kowane iyali kuskuren da aka samu irin wanda ke tsayar da ƙirar furotin ne kafin a kai ƙarshe, sai a samu guntu mara amfani. Daga baya an gano wasu ƙwayoyin gado fiye da 25 masu jawo irin wannan hali, amma ASPM ce ta fi kowace yawan laifi, kuma an same ta a Turkiyya, Indiya, ƙasashen Larabawa da Turai, har a gidajen da miji da mata ba su haɗa komai ba.

Lissafin rabuwa

Nan ne zuciyar darasin, don haka mu tafi a hankali.

Ƙwaƙwalwar baligi tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma kimanin biliyan 16 daga ciki suna cikin ɓawonta mai lanƙwashe-lanƙwashe, inda tunani da magana suke. Ƙwayar jijiya ba ta rabuwa. Da zarar an samar da ita, ta gama, ba za ta haifi wata ba. Kusan dukkan na ɓawon ƙwaƙwalwa kuwa tun a cikin ciki ake yin su, mafi yawa kafin cikin ya wuce wata biyar ko shida. To daga ina suke fitowa?

A mako na uku zuwa na huɗu bayan shigar ciki, wani ɗan bututu yakan samu a bayan ɗan tayi, kuma gabansa shi ne zai zama ƙwaƙwalwa. Bangon bututun jere yake da wasu ƙwayoyin halitta da za mu kira ƙwayoyin asali. Su suna rabuwa, kuma rabuwarsu iri biyu ce. Da farko ƙwaya ɗaya takan rabu ta ba da ƙwayoyin asali biyu, kowace ta sake rabuwa ta ba da biyu. Babu ƙwayar jijiya ko ɗaya da ake samu a wannan mataki, yawa kawai ake tarawa. Daga baya salon ya sauya: ƙwaya ta rabu, ɗaya ta zauna a matsayin ta asali, ɗayar ta kama hanyar zama jijiya ta bar bangon.

Ku ɗauki alƙalami. Ƙwaya ɗaya in ta ninka sau 10 za ta zama 1,024. In ta ninka sau 9 ta tsaya, 512 ke nan. Sau 8, 256. Zagaye ɗaya tak aka rasa, rabi ya tafi, biyu aka rasa, saura rubu'i. Kamar ɗan kasuwa ne da ke mayar da riba cikin jari kowace ranar kasuwa: in ya yi haƙuri jarin ya ƙasaita kafin ya fara ci, zai daɗe yana ci, in kuwa ya fara cirewa tun jarin yana ƙarami, komai ƙwazonsa daga baya ba zai kamo na farkon ba. Girman ƙwaƙwalwa ya dogara ƙwarai kan yawan zagayen da aka yi a matakin farko kafin a sauya salo.

ASPM a nan take aiki. Kafin ƙwayar halitta ta rabu, takan kwafi kuromosom ɗinta, sannan wasu siraran zaruruwa su fito daga gefe biyu su kama su, su ja rabi nan rabi can. Wannan tsarin zaruruwa masana suna kiransa mazari saboda siffarsa, kauri a tsakiya, tsini a kai biyu. Furotin ɗin ASPM a waɗannan kawuna biyu yake zama, yana tattara bakin zaruruwan wuri ɗaya, yana kuma taimakawa mazarin ya kwanta ta fuskar da ta dace. Tun kafin a san ta a jikin mutum, masu nazarin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace sun san 'yar uwarta, domin in ta lalace a jikin ƙudan mazarin yakan wargaje. Daga can sunan ASPM ya samo asali.

Me ya haɗa kwanciyar mazari da girman kai? Ƙwayar asali doguwa ce, tana maƙale da bangon bututu ta wani ɗan ƙaramin wuri. In rabuwar ta tsaga ta daidai ta tsakiyar wannan wurin, 'ya'yan biyu duk za su samu rabo su ci gaba da zama a bango. In layin ya ɗan karkace, ɗaya za ta rasa, ta saki bango tun lokaci bai yi ba. A 2006 masu bincike a ɗakin gwajin Wieland Huttner na Cibiyar Max Planck da ke Dresden a Jamus suka rage aikin wannan ƙwayar gado a 'yan tayin ɓera, suka kuma ga hakan na faruwa. Ban da wannan, wasu ƙwayoyin kan maƙale a tsakiyar rabuwa su mutu.

Sai dai ɓera bai gamsar ba. In aka cire masa ƙwayar gadon gaba ɗaya, kusan kashi 10 cikin 100 kawai ƙwaƙwalwarsa ke raguwa, alhali a mutum, idan abin ya yi tsanani, takan koma kusan sulusin girmanta, wato gram 400 da ɗoriya maimakon 1,300 zuwa 1,400. Ƙwaƙwalwar ɓera sumul take, ba ta da lanƙwasa. Don haka a 2018 ayarin Walsh suka gwada a jikin feret, wata 'yar dabba mai ƙirar tunku wadda ƙwaƙwalwarta ke da lanƙwasa kamar tamu. Ƙwaƙwalwar ta ragu da har kashi 40 cikin 100, nauyin jiki kuwa bai sauya ba, kuma suka ga ƙwayoyin asali sun bar bango da wuri.

Kuna iya tambaya: ai ko'ina a jiki ana rabuwa, don me kai kaɗai zai ƙanƙance? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne sauran gaɓoɓi suna da damar cike giɓi. Hanta da fata suna sabunta kansu har tsufa. Ƙwaƙwalwa kuwa lokacinta ƙayyadadde ne, in ya wuce ya wuce. Abin mamaki, wannan furotin da rashinsa ke hana ƙwaƙwalwa girma, an same shi da yawa fiye da kima a wasu nau'o'in sankarar ƙwaƙwalwa da ta hanta, inda rabuwar ta ƙi tsayawa.

Ɗaya cikin huɗu

Duk wanda ya san lissafin sikila ya riga ya san wannan. Mai AS lafiyarsa ƙalau, amma in ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Haka ASPM take. Kwafi ɗaya mai kyau ya isa ya yi aikin, don haka mai ɗauke da kwafi ɗaya lalatacce kansa daidai ne, hankalinsa daidai ne, bai ma san yana ɗauke da komai ba. Sai in masu ɗauke biyu sun haɗu: ɗaya cikin huɗu yaro ya samu lalatattu biyu, biyu cikin huɗu ya zama mai ɗauke kamar iyayensa, ɗaya cikin huɗu ya fita fes. Kowane ciki nasa lissafin daban. Don na fari ya zo da shi, ba a cewa uku masu biyowa sun tsira.

Daga nan ku duba wani zalunci da ake yi a gidaje. Uwargida ta haifi yara biyu masu ƙananan kawuna, miji ya ƙaro amarya daga wani dangi, ta haifi lafiyayyu, sai dangin miji su ce ai ga shi ta bayyana, a jinin uwargida abin yake. Lissafi bai ce haka ba. Yaran uwargida kwafi ɗaya suka karɓa daga wurinta, ɗaya daga wurin ubansu, in ba haka ba da ba su kamu ba. Amarya dai ba ta ɗauke da shi ne, kuma kusan rabin 'ya'yanta masu ɗauke ne, daga uban suka samu.

Batun auren zumunci kuma a yi masa adalci. Ba shi ke haifar da kuskuren ba, haɗa masu ɗauke da shi yake yi. 'Ya'yan wa da ƙani, ko taubasai, sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu. Idan namiji yana ɗauke da lalatacciyar ASPM, damar a ce 'yar baffansa ma tana ɗauke da ita ɗaya ce cikin takwas, ta bare kuwa ɗaya cikin ɗari ko ɗaruruwa. Shi ya sa ake ƙiyasta wannan hali da kusan haihuwa ɗaya cikin 10,000 a arewacin Pakistan, alhali a wasu wurare bai wuce ɗaya cikin 30,000 zuwa 250,000 ba. Wani bincike kan jarirai fiye da 11,000 a Bradford, da aka buga a mujallar Lancet a 2013, ya nuna haɗarin haihuwa da naƙasa kowace iri yana tashi daga kusan kashi 3 zuwa kashi 6 cikin 100 idan iyaye 'ya'yan 'yan uwa ne na kusa. Ninki biyu ne, ba wasa ba, amma kuma yana nufin 94 cikin 100 lafiya ake haihuwarsu. Gidan da ya kamata ya yi dogon tunani shi ne wanda aka riga aka ga irin wannan yaro a cikinsa, musamman in an jera auren gida kaka da kakanni. Ku kuma sani gwajin jinotayif da ake yi kafin aure, wanda jihar Kano ta wajabta a 2024, sikila yake dubawa, ba ya ganin ASPM. Nata gwajin na DNA ne, a ɗakunan gwaji na musamman.

Gardamar 2005

Da aka ji an gano ƙwayar gado mai alaƙa da girman ƙwaƙwalwa, wasu suka yi azarɓaɓi. A watan Satumba 2005 Bruce Lahn na Jami'ar Chicago da ayarinsa suka wallafa a mujallar Science cewa akwai wani sabon salo na ASPM, ba na ciwo ba, da ya ɓulla kimanin shekara 5,800 da suka wuce ya kuma yaɗu da sauri. Ya yi yawa a Gabas ta Tsakiya da Turai, ya yi ƙaranci a Afirka kudu da Sahara. Aka yi ta hasashen ko yana da nasaba da kafuwar birane da rubutu. Masu wariyar launin fata suka samu abin da suke nema.

Sai aka je aka auna. A 2006 wani ayari ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu sabon salon da marasa shi, ba su ga bambancin girma ba. A 2007 aka gwada basirar mutum fiye da 2,000, da hannun shi Lahn ɗin kansa a binciken, nan ma babu alaƙa. A ganina kuskuren tun daga tushe ne. Don lalacewar abu tana jawo naƙasa, ba ya nufin ɗan bambancin da ke tsakanin lafiyayyunsa shi ke raba mai kaifin basira da waninsa. Akwai kuma wani hasashen da ya taɓo mu: a 2007 Dan Dediu da Robert Ladd na Jami'ar Edinburgh suka lura cewa al'ummomin da sabon salon ya yi ƙaranci a cikinsu sun fi yawan harsuna masu karin sauti, kuma Hausa tana cikin irin waɗannan harsuna. Har yau ana muhawara a kai, kuma su kansu ba su ce gado ne ke zaɓa wa yaro harshe ba. Duk jaririn da ya tashi a Kano ko Damagaram zai iya Hausa da karinta, ko ɗan wace ƙasa ne.

Yaron da kansa

Ƙwaƙwalwar mai wannan hali ƙarama ce amma sassanta suna nan a wurarensu, sai dai lanƙwasar ta ragu. Don haka yawancinsu suna zama, su yi tafiya a kan lokaci ko da ɗan jinkiri. Magana ce ta fi makara, koyo yana yi musu wuya, kaɗan ko matsakaici, kuma da yawa ba sa iya zama wuri ɗaya suna ƙanana. Kaɗan daga cikinsu suna samun farfaɗiya, wadda ke da magani. Sikanin wata biyar sau da yawa ba ya nuna komai, sai wajen wata na bakwai ko takwas ƙanƙantar ke bayyana.

Babu allura, ƙwaya ko rubutu da zai ƙara yawan ƙwayoyin jijiyar da ba a yi ba, kuma duk wanda ya ce zai buɗe kan yaro da magani kuɗinku yake so. Tiyatar ƙoƙon kai ta wani hali ce daban, inda ƙasusuwa suka haɗe da wuri alhali ƙwaƙwalwa na neman fili. Abin da ke aiki shi ne a duba ji da ganin yaron, a riƙa yi masa magana da wasa da shi tun yana jariri, a koya masa cin abinci, wanka da sa tufafi ta hanyar maimaitawa, a kai shi makaranta, kada a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ko a ba da shi yawon bara. Da yawa suna iya koyon aikin hannu mai sauƙi idan sun girma. Duk ranar da aka je rigakafi, uwa ta roƙi ma'aikaciyar jinya ta auna kan yaron ta rubuta adadin a kati, domin jerin awo na watanni ya fi awo ɗaya gaya wa likita gaskiya.

Aikin aji

1. Ƙwayar asali ɗaya ta ninka sau 12, wata ta ninka sau 10 ta tsaya. Nawa kowace ta samar, kuma ta biyun kashi nawa ce ta ta farkon?

2. Miji da mata duk masu ɗauke ne, 'ya'yansu uku na farko lafiya lau. Mene ne damar na huɗu ya zo da ƙanƙancewar kai? Ku kawo dalili.

3. Ku zana bishiyar iyali daga kaka ɗaya mai ɗauke, ku nuna hanyar da kwafin zai bi har ya haɗu sau biyu a jikin tattaɓa-kunnensa.

4. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama surukar da ke ɗora wa matar ɗanta laifi, ɗayan ya zama ma'aikacin lafiya na unguwa da zai yi mata bayani cikin ladabi, ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba.